Bashin mai ruwa da har yau yake wuyana

Assalamu alaikum jama'a. Na dade ina so in rubuta wannan abin amma duk sanda na dauki waya sai in ji nauyi, saboda a cikin labarin nan ba ni ne mutumin kirkin ba. Jiya ina kwashe tsofaffin takardu a durowa na sake cin karo da ambulan din, da fara ce yanzu ta koma ruwan kasa, dubu hudu da dari biyu ne a ciki kuma ba kudina bane. Shi ne nace bari dai yau in amayar da shi ko na samu saukin zuciya.

Ni malamin makaranta ne, firamare ta kudi, ina zaune a Kurna nan Kano, gidan haya ciki da falo da dan tsakar gida. Wanda ya san lungunanmu ya san famfo ado ne kawai a jikin bango, ruwa sai na 'yan garuwa, su je gidan mai bohol su cika jarkoki su jera a kura su turo lungu lungu. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga Nijar, in an gama girbi su shigo, in hadari ya fara haduwa su koma gona. Namu wani dogo ne baki siriri, shekarunsa za su kai arba'in da wani abu, dan wani kauye ne a wajen Tasawa ta jihar Maradi. Kowa mai ruwa yake ce masa, yara mai ruwa, mata mai ruwa, ni ma mai ruwa. Shekara hudu yana shiga gidana yana juye ruwa a randa da durom, ban taba cewa bawan Allah ya sunanka ba. Ku rike wannan, za mu dawo kansa.

A azumin 2022, wanda ya fado cikin Afrilu tsakiyar zafi, ba wuta, masu bohol sai da janareta, man gas kuma ya yi tsada, sai jarka ta tashi daga naira 30 ta koma 50. Ranar na dawo daga makaranta wajen karfe biyu makogwaro ya bushe kaina na sarawa, na tarar ya juye jarka hudu yana cewa dari biyu. Wallahi ban san sanda na hau shi da fada ba, a kofar gida, gaban yara da masu wucewa. Har da cewa ku dama haka kuke, kun baro kasarku kun zo kuna tatsar mutane. Ni da nake koyar da yara hadisin makwabtaka da safe. Mutumin nan bai daga murya ba, yace Allah shi ba ka hakuri Malam, ya karbi dari da ashirin din da na mika masa ya tura kurarsa. Na hana a kara sayen ruwansa. Ashe mai dakina bayan sati biyu ta ci gaba da saye a wajensa in na fita, tace shi kadai ne yake wanke jarkokinsa kuma shi kadai ne yake sallama sau uku ya jira a ce ya shigo. Na gane daga baya na yi kamar ban gani ba, amma ko a hanya muka hadu sai in dauke kai.

To sai ga canjin kudi.

Ba sai na ba ku labari ba, kowa ya dandana. Karshen Oktoba 2022 aka ce za a canza dari biyu da dari biyar da dubu daya, tsakiyar Disamba sababbi suka fito, wai, don mu dai a hoto muka fi ganinsu. Aka sa 31 ga Janairu ranar daina karbar tsofaffi, aka kara zuwa 10 ga Fabrairu. Mu masu biyayya muka kwashi 'yan tsofaffin da muke da su muka kai banki, muka dawo hannu rabbana. Ina da dubu sittin da daya a akawun, albashi da dan abin da nake tarawa saboda haihuwa, don lokacin mai dakina cikinta ya shiga wata tara, amma naira dari ta kosai ta gagare ni. In yi sallar asuba in tari adaidaita zuwa bankunan titin Murtala Muhammad, in tarar an riga an raba lamba, ni ne na dari biyu da wani abu, a wuni a tsaye cikin hazo da kura, in an yi sa'a inji ya ba ka dubu biyu ko biyar, in ba a yi ba a ce kudi sun kare a watse. Masu POS kuma, ba duka ba don Allah ya gani akwai na kirki, amma wasu sun ci kasuwarsu, dubu biyar sai ka bar musu dubu daya. Ka sayi kudinka da kudinka.

Abin da na lura a kwanakin nan, duniya ce ta juya kai kasa. Mu 'yan albashi masu guga da takalmi sau ciki mun koma mabarata, masu tsabar kudi a hannu su ne Inna mai kosai, mai shayi, mai yankan farce, almajirai, 'yan garuwa. Dalili kuwa naira biyar da goma da ashirin da hamsin da dari ba a taba su ba, canjin bai shafe su ba, kuma su ne kudin da ke yawo a hannun wadannan bayin Allah. Kudin da da in an ba ka canji kake yatsina fuska saboda datti.

Kuma a nan na ga halin mutanen lungunmu. Baba mai tireda ya bude sabon littafi, duk wanda ya zo ya dauki shinkafa da magi da omo a rubuta, ba ya ko daga kai ya kalle ka balle ka ji kunya, in akwai mutane a wajen sai yace Malam sakon nan naka ne, kamar wani ne ya aiko maka. Inna mai kosai kullum da safe sai ta kulla na dari biyu ta ba yarona tace kai wa mamanka mai ciki ba ta zama da yunwa, in na yi maganar kudi tace in duniya ta daidaita. Matar makwabcinmu kuwa kwano ne ke tsallake katanga, yau tuwo miyar kuka gobe dan wake, mai dakina ita ma ba ta mayar da kwano haka nan, ko daddawa ce ko 'yar kubewa busasshiya sai ta sa. A layin banki ma wani dattijo da ban taba gani ba ya bare kullin dabino ya bi mu daya daya, wani saurayi kuma ya bar wa wata tsohuwa lambarsa ta 14 ya karbi tata ta 190, har aka rika yi masa tsiya wai ko jikarta yake so.

Daren Lahadi 12 ga Fabrairu wajen sha daya nakuda ta tashi. Kwana biyu kenan da cikar wa'adi, an ce kotu ta dakatar amma je ka gaya wa mai shago, ba mai karbar tsohon kudi. A aljihuna akwai tsofaffin dubu dubu guda uku da suka makale a wata riga, sun zama takarda. Na buga wa makwabcina mai adaidaita kofa, ya fito da gajeren wando da bargo a kafada, bai ce komai ba ya koma ya dauko mukulli. Matarsa ta shiga baya ta rike mai dakina, Inna ta zo ta kwana da yara.

Mun je asibiti aka karbe ta ba laifi, kayan haihuwa dama mun saya tun Disamba. Wajen karfe daya nas ta fito da 'yar takarda tace jininta ya hau kuma tana zubar da jini, a kawo wannan ruwan da alluran yanzu yanzu, nasu ya kare. Na tsallaka titi kemis daya ne a bude, yaron ya lissafa dubu shida da dari takwas. Na yi taransifa. Kudi suka fita daga wajena, alat bai shiga wajensa ba. Muka tsaya muna kallon waya ni da shi kamar masu duba. Na sake gwadawa netwok ya dauke gaba daya, abin nan yana ta juyawa yana juyawa. Na nuna masa an cire min, yace Baba wallahi na yarda da kai amma maigidana ya rantse in na kara ba da kaya ba alat a albashina, sau uku ana yi mana haka satin nan. Ban ga laifinsa ba, yaro ne, idonsa ma ya kawo ruwa. Na ajiye masa wayata jingina yace ba zai iya ba. Na ciro tsofaffin dubu ukun, ya girgiza kai.

Makwabcina yace Malam hau mu koma unguwa, ba za a rasa ba.

Karfe daya da rabi na dare muna buga kofofin mutane cikin sanyin nan. Wanda duk ya fito sai yace innalillahi, ya shiga ya lalubo. Baba mai tireda ya juye gwangwanin cinikinsa dubu daya da dari biyar, yace da jiya ne da an samu, dazu ya biya mai burodi. Wani ma'aikacin gwamnati da muke ganin ya fi kowa a layin ya fito da naira dari da hamsin yana ba ni hakuri kamar zai yi kuka, shi ma kudinsa na banki. Aka hada aka hada ba ta kai dubu biyu da rabi ba.

Mun juyo za mu fita titi sai muka bi ta bakin masallaci, inda 'yan garuwa suke kwana a wata rumfar kwano, kurayensu a jere an daure da sarka. Sun hura 'yar wuta da kwali da itace, mai ruwan namu yana zaune ya rufa da buhu. Ya gane adaidaitar ya taso, yace lahiya da daren nan? Ni dai na sunkuyar da kai nace lafiya lau. Har a wannan halin girman kai bai sake ni ba, ku ji fa. Makwabcina ne yace ina lafiya, matar Malam ce a asibiti ana neman kudin magani taransifa ta ki.

Bai ce komai ba. Ya juya baya ya daga riga ya kwance wani abu daga kugunsa, bakar leda ce a cikin wata ledar a cikin tsumma. Ya tsuguna a gaban fitilar adaidaita ya fara warwarewa, hamsin hamsin, ashirin ashirin, dari dari, har da goma goma, duk sun yi laushi da danshi, wasu an lika su da salatif. Makwabcina na haska masa yana kirgawa da yatsun nan nasa da suka tsattsage saboda ruwa da sanyi. Ya ware dubu bakwai ya dunkule ya kamo hannuna ya sa. Abin da ya rage a ledar bai fi dubu biyu ba. Nace mai ruwa... bakina ya kasa. Yace Malam ka tai, mata na jira, ba a tsayawa magana.

Ku lissafa, jarka naira hamsin, kuma ba duka nasa bane don sai ya biya mai bohol ya biya hayar kura. Turi nawa ne dubu bakwai? Daga baya na ji kudin da yake tarawa ne zai aika gida, kuma shi ba shi da akawun balle in ce zan tura masa, ba shi da wata takarda, ba shaida sai makwabcina da Allah. Kuma ni ne mutumin da ya ce masa ya zo tatsar mutane.

Yaron kemis ya kirga kudin nan yana ta sannu Baba sannu Baba, ya hada kayan da gudu har ya rako ni bakin get. Ana kiran assalatu ta sauka, mace. Nas din tace an yi sa'a an kawo da wuri. Na zauna a kan benci na rufe fuska da hula na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar mahaifina. Kudin taransifar kuwa sai bayan kwana goma sha daya suka dawo.

To ba a nan ya tsaya ba. Kun san jego da ruwa, wanka safe da yamma, ga wankin tsumma, ga baki. Gwaggon mai dakina ta zo daga kauye don wankan, mace mai ka'ida, ita tukunya in ba ta cika ta tafasa da ganyen darbejiya ba ba a yi wanka ba. Ranar da aka sallamo su ina ta tunanin inda zan samo na ruwa, da asuba na bude kofa zan tafi masallaci na tarar da jarka hudu a jere a zaure. Washegari haka. Jibi haka. In ya zo daukar jarkokin na ce nawa ne, sai yace ruwan jego ne Malam, a bari. Har aka yi arba'in bai fasa ba ko ranar zabe, 25 ga Fabrairu da aka hana zirga-zirga, kafin gari ya waye ya riga ya ajiye. Itace kuma makwabta ne suka rika turowa, ban san ma wa da wa ba, sai dai a ga dami a kofa.

Suna aka yi shi daidai karfi, goro da dabino da alawa a kofar gida bayan asuba, ragon ma wani mai dabbobi a unguwar ya ba ni yace in taransifa ta yiwu na tura. Mata suka yi ta shigowa da kwanuka har abinci ya yi saura. Mai ruwa ya zo ya tsuguna can gefe wajen takalma, na je na kamo hannunsa na zaunar da shi a kan tabarma kusa da liman, yana ta noke wa. Da aka watse na ja shi gefe nace don Allah ka yafe min maganar da na fada maka bara. Yace wace magana? Nace ta azumi, a kofar gida. Ya yi dariya yace haba Malam, azumi ne, kowa bakinshi da daci. Sai yace shi ma yana da diya mace da aka haifa bayan ya taho, bai gan ta ba tukuna sai damina.

A nan ya kamata in ce masa ya sunanka. Wallahi ya zo bakina, sai na ji kunyar a ce shekara biyar sai yau, na hadiye.

Ranar 3 ga Maris Kotun Koli tace a ci gaba da karbar tsofaffin kudi har karshen shekara, wajen tsakiyar wata suka fara dawowa hannun mutane, tsofaffin dubu ukun nan nawa suka sake zama kudi. Na biya Baba mai tireda, na biya mai rago, Inna ta ki karba sai da na hada ta da Allah sannan ta karbi rabi. Mai ruwa na ba shi dubu biyu, bayan sati biyu na kara masa dari takwas. Saura dubu hudu da dari biyu.

Ga inda laifina yake, kuma ba zan boye ba. Wadanda nake jin kunyar haduwa da su na fara biya. Shi da yake ba ya tambaya, ko da ido, sai na rika cewa wata mai zuwa. Azumi ya shigo 23 ga Maris, na ce bayan sallah. Sallah ta zo da dinkin yara. Karshen Mayu aka cire tallafin mai, litar da muke saye kasa da dari biyu ta haura dari biyar, kudin adaidaita zuwa makaranta ya ninka, na ce bari albashin Yuni ya shigo. Ba wai babu ce ta hana ni gaba daya ba, a tsakanin nan na sayi takalmi, na sa data ba adadi. Rainin da na yi masa tun farko ne bai gama fita daga jikina ba, na dauka shi mai jira ne.

Ranar da aka yi ruwan farko mai karfi a watan Yuni na dawo daga makaranta mai dakina tace mai ruwa ya zo sallama, gobe da asuba za su tafi. Tace ta rasa abin da za ta yi, ta hada masa kayan jaririyar da suka yi mata kadan da garin kunu da sabulu biyu ya kai wa diyarsa, ya yi ta godiya kamar an ba shi kujerar Makka. Tace ta yi masa maganar kudin yace ba komi, in ya dawo rani. Na ce da safe zan same shi. Da safe na je rumfar ba kowa sai toka.

Albashi na shiga na cire kudin na sa a ambulan na rubuta mai ruwa a bayanta. Sai ga juyin mulki a Nijar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ba a bude ba sai Maris 2024. Rani ya zo wasu 'yan garuwan sun lallabo ta barauniyar hanya sun dawo, shi bai zo ba. Na je rumfar na tambaya, suka ce wanne? Nace dogo baki na wajen Tasawa. Suka yi dariya suka ce Malam rabinmu dogaye ne bakake, ya sunanshi? Na tsaya kamar gunki. Wani yace ko mai karyayyen hakorin gaba, nace shi, yace ya ji an ce ya tafi Agadas wajen aikin zinariya. Wani yace a'a Libiya ya nufa. Wani yaro yace shi dai ya san kauyensu bai da nisa da Tasawa amma bai taba zuwa ba. Na ba yaron lambata, har yau shiru.

Yarinyar yanzu tana gudu tana surutu, in ta ji karar kura a lungu sai ta fita da gudu tana mai luwa mai luwa. Wanda yake kawo mana yanzu ranar da ya fara zuwa na tambaye shi sunansa da na babansa da garinsu na rubuta a bayan kalanda, har ya tsorata ya dauka ko wani abu ya bata. Mai dakina tace kudin ambulan din nan fa yanzu ba su kai rabin darajarsu ta lokacin ba, in Allah ya hada ku dubu hudu za ka mika masa? Na je na tambayi wani malami, yace in an nema an rasa mai hakki ana iya yin sadaka da niyyarsa, in ya bayyana kuma a biya shi. Na yi sadakar, amma ambulan din na kasa taba ta.

Satin da ya wuce makwabcina mai adaidaita yace ya kai wani fasinja kasuwar Dawanau, ya hango wani a cikin masu dakon buhu kamar shi, tsayin da tafiyar duk iri daya, kafin ya samu wajen fakin mutumin ya shige tsakanin motoci. Bai tabbatar ba. Mun yi da shi ranar Asabar in Allah ya kai mu zai kai ni tun da sassafe kafin a fara lodi.